Daga Sakkwato zuwa Katsina, sai an bi ta Abuja

A Agege baƙo ne kawai yake ɗaga kai ya kalli jirgi. Wanda ya daɗe a unguwar, idan ƙarar ta taso daga wajen Iju ta nufo Ikeja, yakan tsayar da maganarsa ya jira ta wuce, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya, ko ciniki ake yi ko gaisuwa. Jiragen suna wucewa ƙasa-ƙasa, tayoyi a sauke, har mai kaifin ido yana iya karanta sunan kamfani a jikinsu. Filin jirgin saman Murtala Muhammed bai kai kilomita goma daga gadar Pen Cinema ba, kuma galibin jiragen da za su sauka ta kan rufin Agege suke bi.

A ƙarƙashin wannan hanya kawuna yake da rumfar goro, shekara fiye da talatin ke nan. Mu mutanen Katsina ne. Maƙwabcin rumfarsa kuwa, wanda suka daɗe suna cin abinci a kwano ɗaya, Basakkwace ne. A nan tsakanin Katsina da Sakkwato bai wuce faɗin tabarma ba: wannan yana ware marsa daga minu, wancan yana yayyafa wa huhu ruwa, ɗaya ya tafi masallaci ɗaya ya tsare masa kaya. Gaba kaɗan ga Bakano ɗan canji, ga mutumin Barno mai hula, ga ɗan Maraɗi mai shayi, ga samarin da suka rako shanu daga Fataskum zuwa mayankar Oko-Oba. Garuruwan da a gida sai an yi guzuri kafin a sada su, a Agege taku goma ya isa.

Wani hunturu maƙwabcin nan ya koma gida jinya, Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata. Jana'iza ba a ma yi zancenta ba, domin kafin labari ya gama zagaya rumfuna an riga an kai shi makwancinsa. Amma Kawu ya ce ko ana ha-maza-ha-mata sai an yi sadakar uku da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ranar Asabar ta wannan makon akwai ɗaurin auren 'yar ƙaninsa a Katsina, kuma shi ne waliyyi. Sai ya aika a kira ni.

"Ɗana, nemo mini jirgin Sakkwato na gobe. In an shafa fatiha sai in hau wani in sauka Katsina. Ai kusa ne."

Gaskiyarsa, kusa ne. A miƙe ta sama, daga filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato zuwa filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina kimanin kilomita 265 ne, wato kusan rabin tazarar Legas da Abuja. Ƙaramin jirgi mai farfela zai cinye ta cikin ƙasa da awa guda. Na duba a waya, na sake dubawa, na kira wani mai sayar da tikiti a Ikeja. Amsar ba ta canza ba. Sai dai ya tashi daga Sakkwato ya sauka Abuja, kusan kilomita 490, ya kwana, sannan ya nemi jirgin Katsina, kilomita 445, in an dace akwai shi a ranar, in kuma hazo ya bari an tashi. Tafiyar 265 ta koma 930 da ɗoriya, ninki uku da rabi, ga tikiti biyu, ga kuɗin masauki.

"Wato in gangaro kudu, sannan in sake hawa arewa?"

"Haka ne, Kawu."

Bai ce komai ba. Ya ɗauki goro ɗaya yana juya shi a hannu har wani jirgi ya zo ya wuce.

Tun ranar nake bibiyar wannan lamari, domin abin da ya sami Kawu shi ne yake samun kowa. Filayen jiragen Arewa sun fuskanci Abuja da Legas, sun juya wa juna baya. Mai son zuwa Maiduguri daga Sakkwato, kilomita kusan 865 a miƙe, Abuja zai bi. Mai son zuwa Yola daga Katsina, Abuja zai bi. Lokaci-lokaci wani kamfani yakan gwada haɗa gari biyu, a yi ta murna, bayan 'yan watanni a nemi jirgin a jadawali a rasa. Ɗan Agege ya fi ɗan Birnin Kabi sauƙin isa Kano ta sama: daga Ikeja kilomita 830 ne, awa ɗaya da rabi, kuma kusan kullum akwai jirgi.

Hanyar da goro ya juya

Wanda yake son fahimtar wannan taswira, ya fara da goron da ke rumfar Kawu. Kafin zuwan Turawa, manyan hanyoyin fatauci na ƙasar Hausa gabas da yamma suke tafiya. Ayarin madugu yakan tashi daga Kano ko Katsina, ya ratsa ƙasar Zamfara da Kabi, ya ƙetare Kwara, ya nufi Gwanja a ƙasar Gana ta yau don sayo goro, tafiyar watanni a kan jaki. Wata hanyar ta miƙe gabas zuwa Kukawa. Birane a lokacin maƙwabtan juna suke kallo.

Jirgin ƙasa ne ya karkatar da wannan duka. Dogo ya isa Kano a 1911, kuma daga 1912 ana iya ɗora kaya a Legas a sauke a Kano. A daidai wannan zamani gonakin goro suka bunƙasa a kewayen Agege, sai fatake suka ga babu dalilin wahalar Gwanja tunda ga goro a bakin tasha. Haka Zangon Agege ya cika, har aka yi Sarkin Hausawa. Goro ya hau tarago ya yi arewa, shanu da gyaɗa da fata suka gangaro kudu. Turawa ba don mu ziyarci juna suka shimfiɗa dogon ba, don kaya su isa bakin teku ne. Rassan da aka ƙara, na Ƙaura Namoda a 1929, na Nguru a 1930, na Maiduguri a 1964, dukkansu komawa suke cikin babban layin da ya nufi kudu. Birnin Sakkwato da birnin Katsina kuwa dogo bai taɓa shiga cikinsu ba.

Jirgin sama da ya zo, da farko kamar zai bi tsohuwar hanya. Jirage uku na sojan saman Birtaniya da suka sauka Kano a farkon Nuwamban 1925 daga Masar suka taso, ta Sudan da Chadi, wato hanyar da mahajjatanmu suka daɗe suna bi da ƙafa. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila daga Kartum zuwa Kano, daga baya aka miƙa ta Legas. Shekaru da dama Kano ce mararrabar jiragen da ke ƙetare Sahara. A zamanin Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958, ana amfani da ƙananan jiragen Fokker da ke tsayawa gari-gari, a sauke wasu a ɗauki wasu, kamar motar haya. Kamfanin gwamnati ne, ba a tambayarsa ribar kowace tsayawa. Rashin kula da almundahana suka cinye shi, ya durƙushe a 2003. Kafin nan kuma gwamnati ta ƙaura zuwa Abuja a Disamban 1991, kuma duk mai neman kwangila, ko sa hannu, ko biza, ko kujera, can ya nufa.

Kada a ce don babu 'yan Arewa a harkar ne. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air tun 1980. An yi Chanchangi a Kaduna, an yi IRS na gidan Isyaka Rabi'u, ga Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal, mutumin Katsina, ga Azman, ga Rano da ya fara jigila a 2023. Duk 'yan gida ne, sun san Sakkwato sun san Katsina. Amma ɗan kasuwa lissafi yake bi, kuma lissafin gajeriyar tafiya ba ya yi masa daɗi.

Jirgi yana shan mai mafi yawa ne a lokacin tashi da hawa sama. A doguwar tafiya wannan kuɗin yana bajewa a kan kilomita masu yawa, a gajeriya kuwa kafin ya gama hawa lokacin gangarowa ya yi. Masu gyara kuma ba awannin tafiya kaɗai suke ƙirgawa ba, har da yawan tashi da sauka, domin kowace sauka tana cin taya da birki, kowane tashi yana gajiyar da inji. Kuɗin sauka a fili da na ma'aikatan ƙasa ba ruwansu da nisan da ka taso. Kayan gyara da inshora da hayar jirgi duk da dala ake biya, tikiti kuwa da naira ake sayarwa. A watan Mayun 2022 ƙungiyar kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki, tana kukan litar man jirgi ta tashi daga naira 190 zuwa 700, kuma bayan karyewar naira a 2023 abin ya ƙara muni. Mai jirgin Boeing 737 mai kujera sama da 120 ba zai tashe shi don fasinja 25 ba. Zai tara na Sakkwato da na Katsina da na Gombe a Abuja, inda ya tabbata kujerunsa za su cika.

Ba na ganin laifinsa sosai. Inda zuciyata take ɓaci shi ne wajen masu gina filayen.

Gini ba jirgi

A cikin shekaru ashirin da suka wuce jihohin Arewa sun yi ta gina filayen jirgi kamar ana gasa. Gombe ta buɗe nata a Lawanti zamanin Ɗanjuma Goje. A wajajen 2014 Dutse da Bauci da Birnin Kabi suka samu sababbi. An ƙaddamar da na kaya a Damaturu a farkon 2023, an aza harsashin na Gusau a 2024. Ka duba tazarar da ke tsakaninsu: Dutse da Kano kimanin kilomita 90, Birnin Kabi da Sakkwato 100 da 'yan kai, Bauci da Gombe kusan 130, Kano da Katsina 140. A 2024 shugabar hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa (FAAN), Olubunmi Kuku, ta bayyana cewa cikin filaye 22 da hukumar ke kula da su uku ne kawai suke kawo riba, sauran ɗaukar nauyinsu ake yi. Wasu filayen ma da rana ta faɗi an rufe, saboda babu isassun fitilun titin sauka, ga hazon hunturu da kan hana jirgi sauka kwana da kwanaki inda na'urorin saukarwa ba su da ƙarfi.

Lokacin da filayen nan suke raye da gaske shi ne aikin Hajji. Ranar 15 ga Mayun 2024 daga filin Sir Ahmadu Bello na Birnin Kabi jirgin farko na maniyyatan Najeriya ya tashi. Wannan abin alfahari ne, kuma duk wanda ya ga tsohuwa daga ƙauye ta hau jirgi a jiharta ba tare da ta kwana uku a sansanin alhazan wani gari ba, ya san kuɗin bai tafi a banza ba. Amma titin da ya ɗauki ƙaton jirgi zuwa Madina, kusan kilomita 4,000 ba tsayawa, shi ne dai yake wuni shiru sauran watannin shekara, yana jiran jirgin Abuja guda ɗaya. Gwamna ya yanke kintinkiri, an sa suna a allo, an ɗauki hoto. Tambayar wane jirgi zai riƙa sauka, daga ina, wa zai cike giɓin kujerun da ba su cika ba, ba a cika yin ta ba. Wasu gwamnonin sun taɓa ƙulla yarjejeniya da kamfanoni su biya kuɗin kujerun da suka rage, amma ko su ɗin hanyar Abuja suke saya, domin ita ce hanyar da su da muƙarrabansu suke bi.

A wasu ƙasashe an daɗe da gane cewa ƙaramin gari ba ya samun jirgi sai hukuma ta sa hannu. A tsibiran Orkney da ke can arewacin Birtaniya akwai filaye biyu, Westray da Papa Westray, tsakaninsu kilomita 2.7 kacal, tafiyar da ba ta kai minti biyu ba. Tun 1967 kamfanin Loganair yake haɗa su da ɗan jirgi mai ɗaukar fasinja takwas, hukumar yankin tana tallafawa, don malamin makaranta da ma'aikacin lafiya su isa inda ake buƙatarsu. Amurka tana da irin wannan tsari na tallafa wa jigilar ƙananan garuruwa tun 1978. Indiya ta ɓullo da nata mai suna UDAN a 2016, inda aka ƙayyade farashin rabin kujerun gajeriyar tafiya, gwamnati ta cike wa kamfani sauran. A gida ma jihar Akwa Ibom ita kaɗai ta kafa Ibom Air a 2019. Jihohin Arewa 19 ne, suna da ƙungiyar gwamnoni, suna da kamfanin NNDC a Kaduna da suka mallaka tare. Jirage uku ko huɗu masu farfela irin ATR, masu kujera 48 zuwa 70, da za su riƙa zagaye daga Sakkwato zuwa Katsina da Kano, daga Kano zuwa Gombe da Yola da Maiduguri, ko da sau uku a mako ne, ba su fi ƙarfin aljihun da ya gina filaye shida ba.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Jirgi ba na talaka ba ne. Tikitin tafiya ɗaya yanzu yakan haura naira 100,000, alhali mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Cikin mutum ɗari da ke zaune a Zangon Agege, waɗanda suka taɓa shiga jirgin da ke wucewa ta kansu ba su da yawa, in ka cire alhazai. Mai shayi da mai gadi da ɗan acaba babbar mota suke hawa, ko bayan tirela, su bi ta Ibadan da Ilori da Jaba da Makwa, kwana da wuni a hanya. Su abin da suke buƙata titi ne mai kyau wanda za a bi lafiya. Shi ya sa idanunsu suka fi karkata ga babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068 da aka ƙaddamar da aikinta a 2024, da layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021.

Sai dai wannan hujjar ta fi ƙarfi a lokacin da hanya take lafiya. A da, direba yakan tashi daga Sakkwato da hantsi, ya bi Gusau da Ƙaura da Zurmi da Jibiya, kimanin kilomita 400, ya yi la'asar a Katsina. Yau ka ambaci wannan hanya a tasha ka ga yadda fuskoki za su canza. Wadda ta rage, ta Tsafe da Funtuwa, ta haura kilomita 500, ita ma ba a shigarta da sassafe ko bayan la'asar, kuma kowa yana tafe yana karanta abin da ya sawwaƙa. Likitan da ake nema daga asibitin koyarwa na Sakkwato, malamin jami'a da zai je duba jarrabawa, ɗan kasuwa mai kuɗi a jiki, majinyacin da ba zai jure wuni a mota ba, duk sai su zaɓi ɗayan biyu: ko su sayar da rai su bi daji, ko su biya kuɗin jirgi biyu. Da yawa sukan zaɓi na uku, su fasa tafiyar. Zumuncin da aka fasa da cinikin da aka fasa ba sa fitowa a ƙididdigar fasinja, sai kamfani ya duba ya ce ai babu masu tafiya.

Ga dattijo irin Kawu kuma, hawa jirgi sau biyu ba ƙaramin abu ba ne. Mutanen Agege ba su manta da Lahadin 3 ga Yunin 2012 ba, ranar da jirgin da ya taso daga Abuja ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, nan bayansu, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu. Sakkwatawa ba su manta da 29 ga Oktoban 2006 ba, ranar da aka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo jim kaɗan bayan jirginsu ya tashi daga Abuja. Ko da masana sun ce jirgi ya fi mota aminci, kuma haka ne, wanda ya ga hayaƙin Iju da idonsa yana ƙirga kowane tashi.

Kawu dai ya tafi. Ranar Laraba na raka shi Ikeja da 'yar jakarsa da ƙullin farin goro da ya zaɓa da hannunsa, rabi na gidan rasuwa, rabi na ɗaurin aure. Hazo ya riƙe su a Abuja har bayan azahar, amma sun sauka Sakkwato kafin rana ta faɗi. Ranar Alhamis aka yi addu'a. Da ya faɗa wa 'ya'yan marigayin cewa zai bi ta Funtuwa, babban cikinsu ya ce, "Baba, ba za mu bar ka ka bi nan ba." Suka samo masa direban da ya san wata hanyar.

Da asubar Juma'a suka ɗauki hanyar Illela, suka ƙetare iyaka zuwa Ƙonni, suka hau kwaltar Nijar ta Madawa, suka yi sallar Juma'a a Maraɗi, sannan suka gangaro ta Ɗan Isa suka sake shigowa Najeriya ta Magamar Jibiya. Wato don ya je Katsina daga Sakkwato sai da ya fita ƙasar ya dawo, ya nuna takarda a iyaka sau biyu, ya sauka a shingaye ba adadi. Wannan ƙofar ma ba kullum take buɗe ba: bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023 an rufe iyakar, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Ana kiran magariba suka shiga Katsina, ƙafafunsa sun kumbura, rawaninsa ya yi ja da ƙura.

Ranar Asabar da ƙarfe sha ɗaya ya ba da auren, aka raba goron Agege. Kuɗin jirgin dawowa ya riga ya tafi a hanya, don haka babbar mota ya hau, ya iso ranar Laraba da hantsi. Ko gida bai shiga ba ya wuce rumfa, ya buɗe huhunan da ya bari yana duba waɗanda suka fara bushewa, ya cire ruɓaɓɓun ganye ya sa sababbi. Da ya gama da nasa sai ya ɗauki butar ya shiga rumfar marigayin, wadda ba a buɗe ba tun ranar Talatar, ya yayyafa wa nata huhunan ruwa.